Baƙin Tsohon Kuɗi Ba Ciwo Ba Ne: A Duba Kafin A Wanke

A wannan karo za mu ɗan jingine zancen yara da makaranta, mu leƙa ɗakunan iyayenmu da kakanninmu, mu buɗe adaka da kwalla da tsohon gwangwanin madara, inda tsofaffin kuɗin ƙarfe suke kwance shekara da shekaru ba wanda ya waiwaye su.

Dalilin ɗauko wannan magana shi ne abin da yake yawan faruwa a nan Zongo idan wani babba ya kwanta dama aka zo rabon gado. Akan buɗe akwati a tarar da ƙullin tsofaffin kuɗi, wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu sun yi kore, wasu kuma sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko dai wani saurayi mai zafin nama ya ɗauko lemun tsami da yashi ya dirje su har su yi ƙyalli, yana ganin ya yi wa dangi gwaninta, ko kuwa wani mai saye ya zo ya taɓe baki ya ce ai duk sun ruɓe, ya kwashe su a kuɗin tsohon ƙarfe. Ta kowace hanya magada ne da asara. Abin da nake so mu fahimta a yau shi ne, baƙin da ake gani a jikin tsohon kuɗi galibi ba ciwo ba ne, ciwon yana da tasa kama dabam, kuma wanda bai iya rarrabe su ba bai kamata ya kusanci kuɗin da ruwa ko tsumma ba.

Kuɗin da suke gidajenmu

Mu Hausawan wannan ƙasa 'ya'yan fatauci ne. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja daga Kano, su ratsa Nikki da Jugu har Salaga neman goro, daga baya wasu suka gangaro kudu har bakin teku. Saboda haka akwatunanmu sun tara kuɗin ƙasashe da yawa, kuma kowanne da irin ƙarfensa.

Akwai babbar azurfar nan mai hoton wata mace mai jiki, wadda tsofaffi suke kira liyari ko riyal. Hoton Sarauniya Mariya Taresa ce ta ƙasar Ostiriya, nauyinta giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa ne, sauran kuma jan ƙarfe. Lokacin da Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza irin wannan azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Akwai kuma dalar Faransa, wato tamma biyar ta azurfa, mai nauyin giram 25, wadda kashi 90 cikin 100 nata azurfa ne. Har gobe da dala muke lissafi, shi ya sa idan an ce sefa 100 mu sai mu ce dala ashirin.

Daga wajen Nijeriya da Gana kuwa muna da anini da ɗari da kwabo masu huda a tsakiya, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. An fara buga anini da kwabo a 1907. Sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwar manja sun fito a 1913 da azurfa, amma daga 1920 aka mai da su na tagulla mai ruwan rawaya. Sai kuma kuɗin sefa na farko-farko, bayan an ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945, kamar tamma ɗaya da tamma biyu na 1948 masu kan barewa, waɗanda aka yi da alminiyam, wato ƙarfen nan marar nauyi da ake zuba tukwanen dalma da shi.

To, kun ga ke nan a ƙulli ɗaya ana iya samun azurfa, da tagulla, da gaurayen jan ƙarfe da nikel, da alminiyam. Kowane ƙarfe da yadda yake tsufa, kowanne kuma da abin da yake kashe shi. Wanda ya zuba su duka a kwano ɗaya ya yi musu magani ɗaya, kamar wanda ya ba dukan mutanen gida maganin ciwon mutum guda ne.

Garin da muke zaune

Kada mu manta da inda Allah ya ajiye mu. Kwatano tana tsakanin teku ta kudu da tafkin Nokuwe ta arewa. Laimar iska a nan takan kai kashi 80 cikin 100 ko ta haura a yawancin shekara, damina biyu muke yi, iskar teku kuma tana ɗauke da gishiri. Hunturun da yake busar da komai a Katsina ko Maraɗi, mu 'yan makonni kawai yake leƙo mu. Kuɗin da ya yi shekara 50 lafiya lau a rumbu a ƙasar Hausa, idan aka kawo shi nan aka ajiye a ƙarƙashin gado kusa da ƙasa mai danshi, yana iya fara lalacewa cikin 'yan shekaru. Duk wanda ya ga yadda kwanon rufi da ƙofar ƙarfe suke ƙarewa a unguwannin bakin teku ya san abin da nake nufi.

Baƙin azurfa

Azurfa ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Abin da yake sa ta baƙi shi ne farar wuta, wadda take yawo a iska kaɗan-kaɗan, musamman inda akwai ruɓaɓɓen ruwa ko hayaƙi, kuma tana cikin ƙwai da albasa da roba da ulu da wasu irin takardu. A aji akan nuna wa yara wannan da dafaffen ƙwai da ɗan guntun azurfa a rufe cikin kwalba, kafin gari ya waye launinsa ya sauya. Idan farar wuta ta haɗu da fuskar azurfa, sai ta yi mata wata 'yar fata siririya ƙwarai. Tun tana sabuwa takan yi ruwan zuma, ta koma ja-ja, ta koma shuɗi, in ta yi kauri ta zama baƙa.

Wannan fata daga jikin azurfar ta fito, ba dauɗa ba ce da ta hau kai. Ma'ana, duk wanda ya kankare ta ya kankare wani abu na kuɗin ne, kuma ba mai iya mayar da shi. Masu tara tsofaffin kuɗi a ko'ina cikin duniya sun fi son ƙwayar da ta tsufa da kanta bisa wadda aka goge, domin goga tana barin ƙananan zane-zane da ido ba ya gani sai an sa gilashi, amma gwani yana ɗagawa zai gane, nan take farashi ya faɗi. Ƙyallin da aka samu da yashi kyan ɗan maciji ne.

Amma baƙi ma iri-iri ne, sai an lura. Baƙi mai lafiya yakan kasance sumul, ya fi taruwa a kwarin rubutu da gefen hoto, wuraren da suka ɗago kamar kunci da kafaɗa kuma su fi haske saboda gogar hannu. Idan ka karkata ƙwayar a haske za ka ga sheƙi na leƙowa daga ƙarƙashi. Wannan a ƙyale shi, ado ne. Akwai kuma baƙi mai kauri, dusashe, mai kaushi kamar bayan tukunya, har ya fara cike rubutu. Wannan ya riga ya ci fuskar kuɗin, idan aka cire shi ramuka ne za su bayyana, saboda haka shi ma wanki a gida ba zai ƙara masa komai ba. Na uku shi ne toka-toka mai ɗan ruwan shuni da ake gani a azurfar da ta daɗe binne a ƙasa mai gishiri, wanda yake kama da kakin zuma da ya daskare. Wannan aikin ƙwararru ne.

Na huɗu kuwa baƙin ƙarya ne. Mu da muke da 'yan uwa masu sana'ar kayan tarihi mun san ana iya tsufar da sabon abu da hayaƙi ko ƙwai. Alamarsa ita ce launin ya zauna bai ɗaya ko'ina, tudu da kwari, wani lokaci ma ya hau kan zane-zanen goga. Idan ka ga haka, ka sani an rufe wani aibu ne, ko kuwa kuɗin kansa na jabu ne.

Kore iri uku

A wajen tagulla da jan ƙarfe ne ake samun ciwo na gaske, kuma a nan ya kamata a buɗe ido. Jan ƙarfe idan ya tsufa yakan yi ruwan ƙasa, ya yi duhu kamar gasasshen goro, wani lokaci ya yi kore mai duhu, mai tauri, mai santsi, wanda ya manne sosai. Wannan kore garkuwa ne, yana kare abin da yake ƙarƙashinsa. Kada a taɓa shi.

Kore na biyu shi ne maƙiyi. Launinsa haske ne, kamar ganyen da ya koɗe, kuma gari-gari ne, yana tsirowa ɗigo-ɗigo kamar ƙuraje. Idan ka sa tsinken sakace a hankali sai ya zube, ka ga ɗan rami a ƙarƙashi. Masana suna kiransa ciwon tagulla. Asalinsa gishiri ne da ya shiga jikin ƙarfen, daga ƙasa ko iskar teku ko gumin hannu. Idan laima da iska suka same shi sai ya haifar da wani ruwa mai ci, ruwan ya ci sabon ƙarfe, sabon ƙarfen ya sake haifar da garin, haka dai abin yake ta juyawa har ƙwayar ta huje. Ba ya tsayawa don kansa sai an raba shi da laima. Shi ya sa gidajen tarihi suke ajiye irin waɗannan kaya inda laima ba ta kai kashi 40 cikin 100 ba, wato rabin abin da muke shaƙa a nan. Duk ƙwayar da aka ga tana da wannan gari a ware ta daga sauran a ranar.

Kore na uku mai yauƙi ne, yana manne wa yatsa. Wannan laifin leda ne, irin mai taushi mai warin sabuwar roba, wadda ake yin jakar ajiye hotuna da katin shaida da ita. Bayan shekaru takan fitar da wani maiƙo da yake cin jan ƙarfe, har da wanda yake gauraye cikin azurfa. Mutum ya ɗauka ya adana kayansa, ashe shi ya kai su ga halaka.

Farin gari

Alminiyam kuma fari yake yi. Za ka ga gari kamar alli da ƙananan ramuka. Turawan Ingila sun ɗanɗana wannan tun da wuri. Aninin farko na 1907 da alminiyam suka buga shi, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma bai jure yanayin ƙasashenmu ba, a 1908 suka koma ga gaurayen jan ƙarfe da nikel. Wanda yake da anini marar nauyi mai ɗauke da 1907 ko 1908 ya riƙe shi da kyau. Abin da ya fi kashe alminiyam shi ne toka da kanwa, waɗanda su ne hannun matanmu yake fara kaiwa gare su idan za a wanke ƙarfe.

Yadda ake dubawa

Wannan aiki ba ya bukatar kayan tsada, natsuwa yake so. Na farko, a wanke hannu a busar, a shimfiɗa farin ƙyalle mai taushi a kan tebur kusa da taga. A riƙa kama kuɗin ta gefe, kada yatsa ya hau fuskarsa, kada kuma a hura masa iska da baki ko a tofa masa yawu, domin ɗigon yawu yakan zama baƙin tabo a jan ƙarfe.

Na biyu, a gane ƙarfen. A karanta shekara da sunan ƙasa. A kai wa mai awon zinariya ya ɗora a sikelinsa: riyal ya kusanci giram 28, dalar Faransa giram 25, in sun sha hannu su ragu kaɗan. Wanda ya gaza da giram biyu ko uku abin tuhuma ne. A gwada mayen ƙarfe, in ya kama to ba azurfa ba ce. Amma rashin kamawa ba shaida ba ne, domin tagulla ma ba ta kamuwa. A duba gefen riyal, na gaske yana da rubutu da ado a kewayensa, na zubi kuwa yakan nuna layin haɗi da ƙananan ƙuraje.

Na uku, a sa gilashin ƙara girma a karkata ƙwayar a haske, a yi wa kai tambaya uku. Launin nan sumul yake ko gari ne? A manne yake ko yana zuba? Akwai rami a ƙarƙashinsa ko babu?

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, a ba abin lokaci. A ɗauki hoton kowace ƙwaya gaba da baya da wayar hannu, a rubuta kwanan wata a littafi, a ɗora wadda ake shakka a kan farar takarda a rufe. Bayan mako uku ko huɗu a sake dubawa. Idan an ga gari ya zuba a takardar, ko ɗigon ya faɗaɗa, ciwo yana da rai. Idan ba abin da ya sauya, to tsufa ne kawai, kuma tsufa ba a yi masa magani.

Daga nan sai a kasa su kashi uku: masu lafiya da za a adana yadda suke, masu dauɗa ko maiƙo da za a iya taimaka musu kaɗan, da masu ciwo da suke bukatar gwani.

Abin da za a yi da wanda ba za a yi ba

Lemun tsami, tsamiya, ruwan kal, toka, kanwa, yashi, man goge baki, soson ƙarfe, man goge tagulla, lemon kwalba, balle ruwan batir mai ƙuna, duk a nisanta su. Masu tsami suna cinye fuskar kuɗi su bar jan ƙarfe da wani launi na ɗanyen nama, masu kaushi kuma suna zane shi. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. Ruwan famfo da na rijiya ma ba su da tabbas a garin nan saboda gishiri.

Abin da za a iya yi a gida kaɗan ne. Idan ƙasa ce ko laka, a jiƙa ƙwayar a tataccen ruwa irin na kantin magani, a riƙa sauya ruwan, a ɗora ta a ƙyalle mai tsabta ta bushe sarai ba tare da an murza ba. Idan maiƙon leda ne, asiton tsantsa yana narkar da shi ba tare da ya ci ƙarfe ba, amma yana kama wuta nan da nan, sai a fili, nesa da murhu da yara. Wanda mata suke goge farce da shi yana da gauraye, bai dace ba. Mai ciwon tagulla kuwa a busar da shi a sa a kwalba mai murfin kirki tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, sannan a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi. Ba mu rasa masana a ƙasar nan ba. A Porto-Novo, wato Ajashe, akwai makarantar EPA da aka kafa a 1998, wadda take horar da masu kula da kayan tarihi daga ƙasashen Afirka da dama.

Wajen ajiya, kowace ƙwaya ita kaɗai, kada su gogi juna, kada a ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, kada a naɗe a jarida ko ulu. A ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da madafa da bango mai jiƙa, a riƙa leƙa su bayan kowace damina. Wadda aka huda ko aka yi wa kunne don ado, kamar yadda matan Fulani suke ratayawa a gashi da wuya, a bar ta haka. Hudar nan ma tarihi ce.

Maganar daraja

Gaskiya ɗaya ce, ba kowane tsohon kuɗi ne dukiya ba. Kusan duk riyal ɗin da za ka gani yana ɗauke da 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana, daga baya har a Rum da Landan da Faris da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka 1780 ba ta nufin ƙwayar ta shekara 200. Haka kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila kafin ya cika shekara, an buga shi da yawan gaske, ba abin nema ba ne ruwa a jallo. Jita-jitar da ake yaɗawa cewa wai akwai wani jan sinadari mai tsadar miliyoyi a cikin tsofaffin kuɗi kuwa, tarkon 'yan damfara ne.

Amma kuma kada wani ya raina maka kayanka don sun yi baƙi. Riyal ɗaya yana ɗauke da azurfa tsantsa fiye da giram 23, dalar Faransa giram 22 da rabi, kuma baƙi bai rage ko ɗaya daga ciki ba. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a biya ka. Abin da zai hau kai ya danganta da shekara, da wurin bugu, da lafiyar fuskar kuɗin, wato ainihin abin da yashi yake lalatawa cikin minti biyu. Saboda haka idan kayan gado ne, a ƙirga, a auna, a rubuta, a ɗauki hoto a gaban shaidu, a ji farashi daga bakin mutum biyu ko uku kafin a sayar ko a raba. Haƙƙin marayu yana iya kasancewa cikin wannan ƙulli.

A watan Nuwamba na 2021 Faransa ta dawo wa ƙasar nan da kayan sarautar Abome guda 26, muka ga yadda jama'a suka yi dogon layi a fadar shugaban ƙasa a 2022 don su gan su. Mu baƙin da muka zama 'yan gari ba mu da karagar sarauta a gidan tarihi. Shaidar tafiyar kakanninmu tana cikin waɗannan 'yan ƙarafa, daga riyal ɗin fatake zuwa kwabon Ikko da tammar Dahome. Yaron da aka ɗora wa anini a tafin hannu aka sa ya karanta Larabcin da yake jiki ya koyi darasin da allo bai isa ya koya masa ba.

Ina roƙon iyayenmu mata da suke riƙe da makullan adaka, da matasanmu masu gaggawa, a wannan wata a buɗe a duba, amma a ajiye lemun tsami a madafa inda ya fi amfani. Wanda ya ga abin da bai gane ba a cikin kayansa yana iya aiko da bayaninsa ta ofishin wannan mujalla, mu duba tare a fili na gaba.